Wayata ta kwana ta tashi da sabuwar fuska: tambayoyi da amsoshi

A cikin 2025 manyan kamfanonin waya uku, Samsung da Google da Apple, sun sauya wa wayoyinsu fuska ɗaya bayan ɗaya. Mu da ke zaune a teburin gyaran waya a Makka mu muka sha tambayoyin da suka biyo baya, domin duk wanda wayarsa ta rikice masa wurinmu yake nufa, ko ɗan gari ne daga Shari'a Mansur da Hindawiyya, ko baƙo mai Umra da ya sauka a Misfala. Na tattara tambayoyin da aka fi yi, na amsa su da abin da nake gani kullum a hannun mutane. Inda nake da ra'ayi na faɗe shi a fili.

Na kwanta da wayata lafiya, na tashi komai ya canza. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da wayar ce ta sabunta kanta, abin da mutanen nan ke kira tahdis. Yawancin wayoyi an saita su su yi wannan aiki da dare, idan suna jone da caji kuma akwai Wi-Fi, shi ya sa mutum ke tashi ya ga kamar an musanya masa waya. Lambobinka da hotunanka da saƙonninka duk suna nan. Kamanni ne ya canza, da mazaunin wasu abubuwa.

Idan iPhone ce, iOS 26 ce ta hau. Apple ya nuna ta ranar 9 ga Yunin 2025, ya sake ta ga kowa ranar 15 ga Satumba. Daga 18 aka tsallaka zuwa 26 don lambar ta dace da shekarar 2026, babu wasu a tsakani da suka wuce ka. Tana hawa iPhone 11 da waɗanda suka biyo bayanta, amma XR da XS na 2018 sun tsaya a iOS 18. Idan Samsung ce, babban canjin ya zo da One UI 7, wadda ta fito tare da Galaxy S25 a farkon shekarar, ta fara isa tsofaffin wayoyi a watan Afrilu. Masu Pixel, wayar Google, kuma sun samu nasu salon, Material 3 Expressive, a watan Satumba. Tecno da Infinix da Xiaomi kowannensu na da tasa fuskar da yake ɗorawa a kan Android, don haka lokacin canjinsu daban ne.

Mene ne wannan Liquid Glass da ake ta magana a kai?

Sunan da Apple ya raɗa wa sabuwar fuskar ke nan. Buɗe manhajar hotuna ka dubi ƙasan allo, za ka gane shi. A da sanda ce shimfiɗe daga gefe zuwa gefe, rubutu da alamomi na zaune a kanta daram. Yanzu ta koma wani ɗan dogon gilashi mai zagayayyen baki da ke shawagi a saman hotunan. Ana hango abin da ke bayansa, gefensa na lanƙwasa hoton yadda ɗigon ruwa ke lanƙwasa rubutu. Idan hoto mai duhu ya ratsa ƙarƙashinsa haruffan su juye fari, idan mai haske ne su koma baƙi. Ka danna maɓalli, ya kumbura ya yi ƙyalli, sannan ya koma yadda yake. A wasu manhajojin kana jan shafi sandar za ta tsuke ta ɓoye rabin maɓallanta, sai ka juya baya ta buɗe.

Apple ya ce daga Vision Pro ya ɗauko salon, na'urar nan da ake sawa a ido wadda ta shiga kasuwa a 2024. Waɗanda suka yi zamani da kwamfuta sun tuna Windows Vista ta 2007 mai tagogin gilashi, salon da Microsoft ya ajiye a 2012. Gwaninta kam akwai ta a aikin, ba na musu. Tambayar ita ce ko idon mai waya zai iya zama da shi daga safe zuwa dare.

To me mutane ke ƙorafi a kai takamaimai?

Karatu ne kan gaba, da nisa. Rubutu na bukatar bango tsayayye a bayansa. Idan bangon ya zama gilashi, duk abin da ke ƙasa sai ya leƙo: fuskar jariri, ganyen bishiya, wani rubutun daban. Sanarwar da ta sauka a allon kulle a kan hoto mai fari da yawa, sai ka karkata wayar kafin ka karanta. Ba mu kaɗai muka gani ba. Nielsen Norman Group, wata cibiya a Amurka da aikinta ke nan nazarin yadda mutane ke amfani da na'ura, ta fitar da sharhi a Oktoban 2025 tana sukar wahalar karatu, da cunkoson maɓallai, da motsin da ba ya ƙara wa mutum komai.

Motsin nan wasu har jiri yake sa su. Sai kuma abubuwan da aka ɓoye. Kyamara ta koma nuna kalmomi biyu kawai, hoto da bidiyo, sauran sai ka ja gefe su fito. A Safari, manhajar shiga intanet ta iPhone, maɓallin shafukan da ka buɗe ya shige bayan ɗigo uku. Ƙararrawa ta zo da manyan maɓallai biyu masu girma ɗaya, na kashewa da na jinkirtawa, ɗaya saman ɗaya, kuma mai magagin barci ba ya tantancewa. Wannan ya taɓa mutanenmu sosai, domin da yawa don sallar Asuba suke saita ta.

Akwai masu murna kuma, ba kaɗan ba. Matasa na son agogon allon kulle da ke miƙewa ya cika wurin da hoto ya bari. An sauko da akwatin bincike ƙasa inda babban yatsa ke isa, kuma da girman wayoyin yanzu wannan gyara ne na gaske. Manhajar hotuna da aka cakuɗa a iOS 18 an sake raba ta gida biyu, kowa ya ji daɗin haka.

Ba sabo ne kawai ba? Yara na cewa tsofaffi ne ba sa son sabon abu.

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutun nan. Na sha jin yaro na ce wa mahaifinsa sabo turken wawa, ko ya ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Akwai gaskiya kaɗan a ciki: mai karatun boko ko na Larabci, mai lafiyar ido, kwana kaɗan zai yi ya manta yadda tsohuwar fuskar take. Amma ba kowa ne ke karanta waya ba. Mutane da yawa haddace ta suke yi. Hannunsu ya san wuri, idonsu ya san launi, kuma wannan hadda ita ce dukan iliminsu na na'urar. Ranar da aka matsar da maɓalli, wannan ilimin ne aka share.

Wata dattijuwa ta zo shago da 'yar jikarta riƙe da hannunta. Ta miƙo waya a naɗe cikin gefen mayafi ta ce, "Ɗan nan, duba mini jawwal ɗin nan. Tun da ta yi tahdis ban ji muryar 'yata ba."

Na duba, layi na aiki, data na nan. Na ce, "Inna, lafiyarta ƙalau."

Ta ce, "To ina koren?"

Sai na gane. Ita ba ta san sunan WhatsApp ba. Ta san kore a layi na biyu, ta danna, ta nemi hoton 'yarta da ke aure a Maraɗi, ta danna alamar da ke sama. Bayan sabuntawa wani jikanta ya ga an kawo sabon salo da ke mayar da tamburan manhajoji duka launi ɗaya, ya burge shi, ya saita mata da kyakkyawar niyya. Kore ya ɓace. Matar nan tana karanta Alƙur'ani da ka, ta yi kasuwanci shekaru, ta san lissafin riyal da sefa da naira. Ba wayo ta rasa ba. Kamar a shiga ɗakin girkinta ne da dare a sauya wa gishiri da kanwa mazubi, da safe a ce ta manta girki. Da na mayar da launukan, ta ɗora yatsa a kan koren tun kafin in miƙa mata wayar gaba ɗaya.

Saboda haka idan babba ya ce sabuwar fuska ta dame shi, a saurare shi. Nauyin canjin ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Ya fi danne mai raunin ido, da wanda bai yi karatu ba, da wanda ba shi da yaro kusa da zai nuna masa.

Me ya sa abin ya fi damunmu a nan Saudiyya?

Rana ce ta farko. Tsaya a harabar Harami da Azahar, farin marmara na mayar da haske ta ƙasa, rana na dukan allo ta sama. Apple da kansa ya rubuta cewa an yi iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa da bazara muna wuce 40. Idan waya ta ɗau zafi tana rage hasken allonta da kanta don ta kare batir. Wato a daidai lokacin da kake bukatar rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, allon ya dushe, ga kuma gilashi a bayan haruffa.

Na biyu rubutun Larabci. Ba da ta da nun da ya, a farkon kalma ko tsakiyarta, ɗigo ne kawai ya raba su. A lambobin Larabci sifili ɗigo ne tak, 2 da 3 kuma ɗan haƙori ɗaya ne tsakaninsu. Ƙaramin abu irin wannan shi ne ke fara nutsewa idan bango ya yi hayaniya. Mu ma a Hausa 'yar lanƙwasa ce ta raba ƙ da k, da ɗ da d. Dubi kuma hoton bangon da mutanenmu suka fi sawa: Ka'aba da dubban masu harami farare kewaye da ita. Hoto ne mai albarka, amma baƙi da fari ne a cakuɗe, kuma babu abin da ya fi shi wahalar da rubutun da ke kan gilashi.

Na uku, kuma mafi nauyi, waya a ƙasar nan ta wuce abin hira. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, na cikin manhajar Absher. Tawakkalna, da aka fara a 2020 lokacin korona, ta zama jakar takardu. Ba ka shiga yawancin hidimomin hukuma sai manhajar Nafath ta nuna maka lamba ka tabbatar. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake samu, da lokacinsa ƙayyadadde. Banki na turo lambar sirri mai mutuwa cikin 'yan mintuna, kuma a sanarwar saman allo take sauka. Wanda ya karanta lamba ba daidai ba sau da yawa, a rufe masa asusu na wani lokaci. Ga mai zama a gida cikin sanyin na'ura ado ne ya canza. Ga dattijo a layi, jama'a na turo shi ta baya, jami'i na jiran ya nuna takarda, lamarin ya wuce ado.

Yaya zan rage gilashin a iPhone?

Shiga saiti, I'idadat idan wayarka da Larabci take. Nemi sashen sauƙaƙa amfani, Tashilatul Istikhdam, mai alamar ɗan mutum tsaye cikin da'ira ya buɗe hannuwa. A ciki akwai wurin allo da girman rubutu. Kunna rage hangen-ciki, Taƙlilus Shafafiyya, nan take gilashin zai zama bango mai kauri. Kusa da shi akwai ƙara bambancin launi, Ziyadatut Tabayun, mai zana wa maɓallai iyaka. A nan kuma ake kaurara haruffa a ƙara musu girma. Mai jiri ya koma baya kaɗan ya shiga wurin motsi, ya kunna Taƙlilul Haraka.

Wanda ke son gilashin amma ya yi masa yawa, ya tabbatar wayarsa ta kai iOS 26.1 ta watan Nuwamban 2025. A sashen allo da haske an ƙara zaɓi biyu, gilashi garau ko mai ɗan rini. Mai rinin ya ishi yawancin mutane. A wannan sabuntawar ce kuma aka gyara ƙararrawa, kashe ta sai an ja yatsa.

Manhajar kira na da maɓalli mai layi uku a kusurwar sama inda za ka koma tsohon tsari. Safari ma, a cikin saitinta, tana ba ka zaɓi uku na yadda sandar za ta zauna. Zaɓi wanda sunansa "ƙasa", maɓallanka za su dawo fili.

Tamburan manhajojina sun zama launi ɗaya. Yaya zan dawo da su?

A iPhone ɗora yatsa a wurin da babu komai a allon farko har tamburan su fara rawa, danna kalmar gyara a kusurwar sama, ka shiga keɓancewa, ka zaɓi na asali. A Android abin na wurin hoton bango da launuka, tun Android 12 ta 2021 da Google ya fara sa waya ta ɗebi launi daga hoton bango. Kashe zaɓin da ke rina tambura. Roƙona ga matasa: ku yi wa wayarku ado yadda kuke so, amma ta iyaye ku bar mata launukanta.

Ni Samsung gare ni. Ina sanarwata ta tafi?

A da ja ɗaya daga sama na kawo maka sanarwa da maɓallan Wi-Fi da tocila a tare. One UI 7 ta raba su: ja daga kusurwa ya kawo maɓallai, ja daga sauran wurin ya kawo sanarwa. Wanda hannunsa ya saba da gefe ɗaya sai ya yi ta ganin maɓallai yana cewa saƙo ya daina shigowa. Gyaran ba wuya. Jawo shafin maɓallan, danna alamar fensir, shiga saitin shafin, ka zaɓi a haɗe su. A allon kulle ma sanarwa ta koma 'yan ƙananan alamomi a can sama, amma a saitin sanarwa za ka iya mayar da su manyan katuna. Jerin manhajoji kuwa, idan ka ga ya koma ja daga ƙasa zuwa sama, tsarin bin haruffa ne aka zaɓa. Canza zuwa tsarin kanka, shafuka za su dawo gefe-gefe.

A nan na yaba wa Samsung abu ɗaya: ƙofar komawa tsohon tsari na nan tun ranar farko, ko da yake an ɓoye ta inda ba kowa zai gano ba.

Zan iya komawa tsohuwar manhajar gaba ɗaya?

A iPhone, a'a. Kowace babbar manhajar waya sai Apple ya sa mata hannu ta intanet kafin ta hau waya, kuma kimanin mako guda bayan fitowar iOS 26 ya daina sa wa iOS 18 hannu ga masu son komawa. A Samsung ma babu hanyar komawa da kamfani ya buɗe wa masu waya. Duk wanda ya ce ka kawo riyal kaza zai mayar maka, yi hattara. Ko dai ya goge maka komai a banza, ko ya fasa makullin wayar, kuma manhajojin banki da yawa ba sa yarda su buɗe a wayar da aka fasa.

Batir na saurin ƙarewa, wayar na zafi. Gilashin ne?

A kwanakin farko ba shi ba ne. Bayan babbar sabuntawa waya na aiki a ɓoye, tana sake jera hotuna da saƙonni don bincike, tana sauko da abubuwa, tana sabunta manhajoji. Apple ya fitar da bayani a kan haka lokacin sakin iOS 26, ya ce na ɗan lokaci ne, ya kuma yarda cewa wasu sababbin abubuwan na cin ƙarfin waya fiye da da. Ka bar ta a caji da Wi-Fi 'yan darare, a wuri mai sanyi, ba a gaban mota ba.

Idan mako ya wuce ba ta daidaita ba, duba lafiyar batir a saiti. Ƙasa da kashi 80 cikin 100 alama ce ta ya gaji, kuma da ma can a gajiye yake, sabuntawar ce ta tona shi. iPhone 11 ta 2019 ce, batirinta na asali ya yi aikinsa. A irin waɗannan wayoyin rage motsi da rage gilashi na sa hannu ya ji wayar ta yi sauƙi.

To in ƙi sabuntawa mana, in huta?

Jinkiri daban, ƙi daban. Jinkiri ina goyon bayansa. Ranar da aka saki iOS 26 an saki iOS 18.7 tare da ita ga mai son ya dakata, kuma wanda ya jira zuwa Nuwamba ya tarar an gyara abubuwa da yawa. Amma wannan ƙofa ba ta zama a buɗe har abada. Sabuntawa ba fenti kawai take kawowa ba, tana toshe ramukan da ɓarayi ke bi, kuma wayar da ke ɗauke da iƙamarka da katin banki na mada ba abin bari da rami ba ce. Manhajoji ma na yin gaba su bar ka. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a duk iPhone da ba ta kai iOS 15.1 ba, masu iPhone 6 suka wayi gari ba hira.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka kashe girkawa ta kai tsaye, ka riƙa sabuntawa da hannunka, ranar da ka zaɓa, kana da lokaci, kuma akwai wanda zai zauna da kai.

Zan zo Umra ko Hajji. In sabunta kafin in taso?

Idan saura wata guda ko fiye, sabunta, ka saba da ita a gida, ka buɗe Nusuk ka tabbatar tana aiki. Idan saura kwanaki, bar ta yadda take, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye kafin ka hau jirgi. Wi-Fi na masauki da cajin dare su ne daidai abin da waya ke jira ta canza kanta, kuma Mina ba wurin koyon sabuwar waya ba ne. Manhajoji irin su Nusuk da WhatsApp kam a sabunta su, wannan ba ya taɓa fuskar wayar. Sa hoton bango mai launi ɗaya mai duhu har ka gama ibada, ka rubuta lambar jagoranku da sunan masauki a takarda ka sa a jakar wuya.

Me ke sa kamfanoni yin haka, kuma ƙorafi na da amfani?

Dalilin da Apple ya bayar shi ne yana son iPhone da iPad da Mac da agogonsa su zama da kama ɗaya. Akwai kuma dalilin da ni nake gani: wayar bana da ta bara sun yi kama har ba a rabe su a hannu, don haka sabuwar fuska ce ke sa mutum ya ji ya samu sabon abu. Injin wayoyin ma ya yi ƙarfin da zai iya lissafa lanƙwasar haske a kowane motsi, kuma mai iya abu yakan so ya nuna.

Ba yau aka fara ba. Kafin 2013 manhajojin iPhone na kwaikwayon kayan duniya ne: littafin rubutu mai takarda rawaya, kantar littattafai ta katako, maɓalli mai tudu kamar a taɓa. Bayan tafiyar Scott Forstall, shugaban sashen manhajar iPhone, a ƙarshen 2012 aka miƙa wa Jony Ive, mai zana na'urorin Apple, zanen manhaja, ya fito da iOS 7 a Satumban 2013, komai a shafe, haruffa sirara, maɓallai sun zama rubutu tsirara. Kukan da aka yi a lokacin shi ne na yau: ba a iya karatu, motsi na sa jiri, ba a gane abin dannawa. A Maris 2014 iOS 7.1 ta zo da zaɓin mayar wa maɓallai siffarsu, a shekarun da suka biyo kuma haruffan suka yi ta ƙara kauri.

Haka aka yi a 2025. Tun lokacin gwaji, tsakanin Yuni da Satumba, an yi ta ƙara wa gilashin duhu ana ragewa saboda abin da masu gwaji ke faɗa, sannan zaɓin rini ya zo ƙasa da wata biyu bayan fitowa. Ƙorafi na aiki ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne darasin 2013 na nan a rubuce, an san masu raunin ido za su sha wuya, amma aka bari sai da suka sha kafin a ba su zaɓin rini. Da wayar za ta tambayi mai ita a ranar farko, da manyan haruffa, ko yana son gilashi ko bango mai kauri, da rabin tambayoyin shafin nan ba su taso ba.

Zan kai wa mahaifiyata waya tsaraba. Me zan yi kafin in ba ta?

Fara da tambayar wace iri take riƙewa yanzu. Idan ta saba da Tecno ko Samsung, iPhone mai tsada ba lallai ta zama alheri gare ta ba. Ga 'yan uwanmu na Sudan, na Mai Wurno da Gadarif da sauran wurare, a tabbatar manhajar banki ta Bankak na aiki a wayar, domin tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 da ita mutane da yawa ke karɓar kuɗi su yi cefane.

Sabunta wayar har ƙarshe tun tana hannunka, sannan ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, ku yi magana da wani ƙane ko ɗa a gida wanda zai riƙa yi mata lokaci-lokaci yana zaune kusa da ita. Samsung na da yanayin sauƙi a sashen allo, mai manyan tambura da manyan haruffa. iPhone ma tun iOS 17 ta 2023 tana da irinsa a sashen sauƙaƙa amfani, inda za ka zaɓi manhajoji kaɗan su fito manya-manya, sauran su ɓuya. Jera mata abin da take bukata a allon farko yadda suke a tsohuwar wayarta, layi da layi. Sa wa kowace lamba hoton mai ita. Ƙara ƙarar kira, ka gwada a waje cikin rana, ba a ɗaki ba, kuma ita za ta danna da hannunta kana kallo, ba kai za ka yi mata ba.

Kafin ka rufe kwalin, ɗauki hoton allon farko da na shafin kira ka tura wa kanka. Ranar da aka bugo maka daga gida cewa wani abu ya ɓace, za ka buɗe hoton ka faɗa wa wanda ke kusa da ita abin da ke layi na nawa da inda zai mayar da shi.